An Sayar da Akuyar Kawu Ila

Bana damina ta biyar ke nan da rasuwar Kawu Ila, ƙanen Innata, kuma har yau in na haɗu da akuya mai ƙaton ciki sai in ji kamar in durƙusa in gaishe ta. Shi ya ɓata ni, Allah ya jiƙansa.

Kawu dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro, amma mu yaran unguwa ba da wannan muka san shi ba. Yana da tsohuwar tele a zaure, wadda ba ta farkawa sai an mare ta, da wani fim da aka zana da ordinata, wato kwamfuta, labarin wata shuɗiyar akuya mai tabarau da wani kada mai hula. Kawu ba ya jin yaren da suke yi. Sai ya kashe sautin ɗungum, ya zauna gefen tele bayan la'asar, ya ara musu bakinsa. Akuyar ta zama Hajiya 'Yar Korahane, mai nonon da rabinsa ruwa ne. Kadan ya zama manemin aurenta, ga hula amma ba wando. Fim ɗaya ne, ban taɓa jin labari ɗaya sau biyu ba. Ƙanena Sahabi yana goye a bayana lokacin, ina jin ya koyi dariya kafin ya koyi zama.

Bara a lakwal, makarantarmu ta boko, wata ƙawata ta nuna mani a waya cewa wani ƙaton kamfanin nishaɗi ya saye gidan da ya zana akuyar nan: ordinatocin, da aikin masu zanen, da akuyar, har da hular kada. Kuɗin kuwa sun isa a saye duk raƙuman da ke tsakanin nan da Tawa, a ɗinka wa kowanne takalmi.

Tun ranar nake ganin Kawu a raina a wajen cinikin. Ina hango shi cikin wani bene na gilashi da ya tsere wa gajimare, rawaninsa na lilo, raƙuma masu takalmi suna wucewa ta taga a hankali. Ya buɗe bakin ordinata yana duba haƙora. Ya tattaɓa ƙugun masu zane ya ji ko sun ci ciyawa. Sannan ya dubi manyan kamfanin ya ce, "To, igiyar hwa? Wa ya tahi da ita?"

Don a kasuwarmu ba a ba da dabba da igiyarta. Mai saye ya zo da tasa, mai sayarwa ya kwance tasa ya naɗe. Na taɓa tambayarsa ko rowa ce. Ya ce, "Uwata, nama da ƙashi ya saya. Albarkar garke tana cikin igiya, ita gida take komawa." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mani Uwata.

Bana sabon fim ɗin ya fito. Na tarar da Sahabi yana kallo a wayar Inna. Akuyar ta rame, tana sheƙi, tana zuba Faransanci kamar an buɗe famfo. Na ce masa ga akuyar Kawu. Ya ce, "Wane Kawu?"

Ashe ba akuyar kaɗai ta bar gida ba. Na fizge wayar na kashe sautin.

"Yaya, kin ɓata shi."

"Zauna, kai dai. Yau za ka ji Hajiya."

Muryar farko ta fito kamar zakara mai mura. Ta biyu ta ɗan yi dama. A ta uku Hajiya ta gyara tabarau, ta tambayi kada ko wandonsa ma kamfanin ya saye. Sahabi ya kife yana harba ƙafa. Inna ta daina daka. Da taɓarya a hannu ta ce a hankali, "Ƙara faɗi."

Kawu bai bar gona ba, bai bar garke ba, telen ma ta mutu har mari bai tashe ta ba. Kamfanin nan ya riƙe akuyarsa, ya ciyar da ita, Allah ya sa ta yi ƙiba. Jiya na sami Sahabi a zaure, ƙarƙashin tsofaffin igiyoyin Kawu da ke rataye bayan ƙofa. Ya kashe sautin da kansa, ya tara yara uku, yana tambayar kada ina wandonsa.