Yadda Mijin Yayata Ya Goyi Bayan Dogon

Mijin yayata likitan ƙashi ne, kuma a duk Hausawan Doha ban san wanda ya kai shi rashin damuwa da wasa ba. Shekarar da duniya ta taru a garin nan kallon ƙwallo, mutane na neman tikiti ido rufe, shi ƙarin aiki ya karɓa a asibiti. Don haka ranar da ya matso kusa da ni a bakin masallaci bayan Juma'a, muna laluben takalma, ya ce, "Wai mene ne kwatabak?" sai da na waiga in ga ko da wani yake.

A Amurka na yi karatu kafin aikin gas ya kawo ni nan, a can kuma na kamu da son ƙwallonsu, wadda ake runguma a ruga da ita ana kayar da juna. Likita ya sha yi mini tsiya a kanta. Cewa yake wannan ba wasa ba ne, hanya ce ta nema wa likitocin ƙashi abinci. Akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, ni ma ba na raga masa. Amma ran nan fuskarsa ba ta wasa ba ce, kuma kafin mu kai mota na gane inda tambayar ta fito.

Ɗansa na fari yana Amurka, ya gama jami'a ya kama aiki. Likita kuwa a gidan da ake kunyar ɗan fari da gaske ya tashi. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa. A gida wannan ba ta cutar da kowa, domin akwai kaka da za ta shagwaɓa yaro, akwai baffa da zai ɗauke shi a babur, yaro ya tashi ya san ana sonsa ko ba a faɗa ba. A bene na huɗu a unguwar Bin Mahmud ta Doha babu kaka babu baffa. Yayata ta gane haka da wuri, ta yi tata kunyar ta ɗan lokaci ta ajiye. Likita ya kasa. Ƙannen yaron suna hawa wuyansa, suna ja masa gemu, shi kuwa babban sai dai "yaron nan".

Duk Juma'a yaron yakan kira wayar uwarsa. In sun gama ta miƙa wa uban. Na haddace abin da ake cewa: "Lafiya? Aiki? Ana dai salla? To madalla." Sai waya ta koma hannun Yaya. Hutu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, yaron bai tako Doha ba. Da na matsa masa sai ya ce, "Kawu, in na zo me zan ce masa? Zama za mu yi muna kallon bango." Maganar ta ba ni haushi, ta kuma ba ni tausayi, domin na san uban ya fi kowa jin tazarar. Yaron yana ta nisa a hankali, kuma duk gidan an sani.

Sati guda kafin tambayar nan tasa ne aka yi zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwallon Amurka, inda ƙungiyoyi ke bin layi kowace ta ɗauki ɗan jami'ar da take so. Ni da yaron muka ɓarke da gardama a wayar Yaya a tsakiyar falo, muna ihu muna dariya har abinci ya huce. Likita yana gefe ya sa tabarau yana duba wayarsa kamar ba ya ji. Ashe kalma ɗaya ya tsinta ya riƙe har sati ya zagayo.

Ran nan da muka dawo daga masallaci, bayan mun ci tuwon shinkafa a gidansu, na jera kofuna da cokula a kan leda na yi masa bayani. Kwatabak shi ne mai jefa ƙwallon, shi ke ba da umarni, kuma shi ƙartin ɗaya ɓangaren ke son turmushewa. Na ce a zaɓen bana mutum biyu ake magana a kansu. Akwai dogon, wanda aka fara ɗauka kafin kowa, hannunsa kamar majajjawa. Akwai gajeren, wanda aka bari zaune da iyayensa ana ta kiran wasu, sai da aka yi nisa wata ƙungiya ta tuna da shi. Ni ina bayan dogon. Yaron yana bayan gajeren.

"Nuna mini su," in ji Likita.

Na kunna masa wasanninsu na jami'a a talabijin. Ban taɓa ganin mutum ya kalli ƙwallo yadda ya kalle ta ba. Ko sau ɗaya bai bi ƙwallon da ido ba. In an jefa ta kowa sama yake kallo, shi ƙafafun mai jifan yake kallo. Ya sa na maimaita wani wuri har na ƙosa, sannan ya tashi tsaye da babbar rigarsa ta Juma'a ya gwada mini.

"Dubi dogon naka. Da kafaɗa kaɗai yake jifa, ƙugunsa a daskare. Yanzu ƙuruciya ce ke rufa masa asiri. Kuma in an kawo masa hari tsayawa yake ƙiƙam, gwiwa a miƙe. Irinsu nake gani a asibiti ran Lahadi da safe."

"Likita, wannan ba ɗakin tiyata ba ne. Mutumin nan yana jefa ƙwallo daga nan har unguwar Muntaza."

"Ya jefa har Umm Salal ma. Dubi ɗayan. Kafin a taɓa shi ya riga ya naɗe jiki, ya faɗi ta gefe, ya tashi. Wani ya koya masa faɗuwa tun yana ƙarami. Kuma kafin ya jefa idonsa ya je wuri uku. Naka wuri ɗaya yake kallo."

Na ce gajere ba ya hango komai a bayan ƙartin da ke gabansa. Na ce masu zaɓen nan sana'arsu ke nan, ba a banza suka bar shi zaune ba. Na ɗaga murya, domin ba na son a kayar da ni a falon yayata, balle mutumin da ko awa biyu bai yi da sanin wasan ba. Yaya ta leƙo daga kicin ta ce mu tuna akwai maƙwabta. Likita bai ɗaga tasa muryar ba, ya dai koma ya zauna ya ce, "Yaron nan ya fi ka gaskiya."

Raina ya ɓaci, amma na ji daɗi. Na ce to shi ke nan, in ya kira sai ka gaya masa, zai yi murna.

"A'a," ya ce. "Duk hujjojin nan naka na dogon nake so ka koya mini."

Na tambaye shi dalili.

"In na ce masa gaskiyarsa ce, zai ce na gode Baba. Daga nan sai me? Shi ke nan, magana ta ƙare. Kai da ka ƙi yarda da shi, na ga har tuwo ya yi sanyi bai ajiye waya ba."

 Na daɗe ina ganin girman mutumin nan, amma ran nan ya ƙara girma a idona. Bai iya cewa ɗansa ya zo yana kewarsa ba, kuma ya san ba zai iya ba. Bai tsaya yana zargin tarbiyyar da aka yi masa ba, ya nemi hanyar da zai iya bi.

Haka na zama malaminsa. In ya tashi daga asibiti yakan biyo ta wajena mu tsaya a wata rumfar shayi a Muntaza, a miƙo mana shayin madara na karak ta tagar mota, yana tambaya ina amsawa. Ɗalibi ne mai ban haushi, ba ya barin komai ya wuce. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ba zai yi wa ɗansa ƙarya ba. Ba zai taɓa cewa dogon ya fi ba. Abin da yake gaskiya game da dogon kaɗai zai faɗa, ya bar yaron ya yi sauran aikin. In na kawo hujjar da bai gamsu da ita ba sai ya ce, "Wannan taka ce, riƙe abarka."

Juma'ar da aka fara, ina zaune. Yaya ta gama hirarta ta miƙa waya. Aka yi lafiya, aka yi aiki, aka yi salla. Wurin da "to madalla" ke zuwa sai Likita ya gyara murya.

"Na ji an ce kana bayan gajeren nan."



"Baba, wane gajere?"

"Wanda aka bari a zaune. Ni dai na ga dogon yana da hannu. Kuma wanda ya kai shi tsawo ba ya buƙatar ɗage kafin ya hango mutanensa."

"Kawu ne ya sa ka, ko?"

"Kawunka ya isa ya sa ni? Ina da ido."

Yaron ya fara a hankali, da ladabi, yana cewa ai Baba ba haka ba ne. Can ladabin ya fara zamewa. Ya kawo maganar saurin yanke shawara, ya kawo yadda gajeren ya riƙe ƙaramar jami'a shi kaɗai, ya ce dogon tun yana sakandare ake ba shi komai a faranti. Likita yana saurare. Duk inda yaron ya nemi tsayawa sai ya jefa masa wata: "Amma an ce wanda zai horar da dogon ya ƙware." Sai wuta ta sake kamawa. Da ya zo kan maganar faɗuwa da kare gwiwa, wadda ita ce ainihin hujjar Likita, na ga bakin uban ya motsa zai ce haka ne. Ya haɗiye, ya ce, "To, za mu gani." Yaya tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ta juya ta koma ciki, ba ta fito ba sai da ta wanke fuska.

Duk zafin bazarar nan da gardamar muka ci shi. Ba a fara wasa ba, babu wanda ya jefa ƙwallo ko ɗaya, amma kullum akwai abin cewa. Daga gwiwar ɗan wasa magana takan zame ta koma gwiwar wani tsoho da Likita ya yi wa aiki, daga nan ta koma shugaban yaron a ofis da ke hana shi sakat. Uban bai taɓa sanin akwai wannan shugaban ba. Har yanzu dai ta wayar Yaya ake bi, kuma maganar zuwa Doha babu wanda ya taɓa ta. Na ce wa Likita ya fito fili ya ce yaron ya zo mana. Ya ce in bar shi, kada in ɓata masa aiki da gaggawata.

Da aka fara wasanni, dogon ya sha kashi tun ranar farko. Ya yi ta jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya, aka yi ta kwantar da shi. Gajeren kuwa, kwatabak ɗin da ke gabansa a ƙungiyarsu ne ya ji rauni, aka sa shi, ya ci wasan. Ni abin ya yi mini ciwo, don da gaske nake son dogon.

Washegari bayan la'asar muna hanyar Umm Salal, Likita na tuƙi, za mu ɗauko naman rago a wata gona. Wayarsa ta yi ƙara ta cikin sifikar mota. Ya dubi allon, ya sake duba, ya kunna sigina ya gangara gefen titi har da taka burki da ƙarfi. Tun da yaron ya tafi bai taɓa kiran wannan lambar ba.

Ko sallama bai gama ba yaron ya fashe da dariya. "Baba, ka ga mutuminka? Ka ga hannun?" Dariya yake har da tari. Likita ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana cewa wasa ɗaya ne, sabon shiga ne, a ba shi lokaci. Yaron ya ce lokacin me, ai sai dai a kawo maka shi ka ɗaure masa gwiwa. Ya ce akwai ranar da ƙungiyoyin biyu za su haɗu a ƙarshen shekara, ya duba ya ga ta faɗo cikin hutunsa, kuma ba ya son a ba shi labarin fuskar Baba, da idonsa yake son gani. Likita ya ce, "Allah ya kawo ka lafiya." Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da ya maimaita.

Bayan an ajiye waya bai ta da motar ba. Manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ka ji yadda ya yi mini dariya?" ya ce. "Tun yana rarrafe rabon da in ji."

Na ce na ji. Sannan na ce mu tafi kafin mai gona ya rufe.

Ya mayar da tabarau, ya duba madubi, ya hau titi. Mun ɗan yi tafiya sannan ya tambaye ni yaushe dogon zai sake wasa. Na ce Lahadi mai zuwa.

"To," in ji Likita. "Allah ya tsare masa gwiwa. Amma Allah ya sa a sake lallasa shi."