Ranar Da Na Ce Wa Surukina "Kai"

Ko tsufa ya sa na fara manta sunayen jikokina, ranar da na ce wa surukina "kai" ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai takaici ya kama ni.

A farkon shekarun casa'in ne, ina da ɗan shagon kayan abinci a titin Old Kent Road, a Landan. Ɓarayi suka addabe ni, zuwan ƙarshe har da wuƙa. Na ce wallahi sai na mallaki ƙaramar bindiga in riƙa soke ta a ƙugu. Lokacin ba a hana ƙananan bindigogi a ƙasar ba tukuna. Aka ce sai na shiga kulob ɗin masu harbi na yi darasin kiyaye haɗari, sannan 'yan sanda su duba maganar lasisi. Ranar farko malaminmu, wani Bature tsohon soja mai ƙatuwar murya, ya kashe mini gwiwa. Ya ce a ƙasar nan ba a ba kowa izinin yawo da bindiga a jiki, allo kawai ake harbi, a gama a kulle ta a akwatin ƙarfe. Na riga na shiga, harbin kuma ya yi mini daɗi, sai na zauna.

Kullum abin da yake nanata mana shi ne, in bindiga ta ƙi tashi kada ka juyo da ita, ka bar bakinta yana kallon allo, domin wani harsashin yakan yi jinkiri sannan ya fashe. Kuma duk wanda ya ga haɗari ya daka tsawa, ko waye a gabansa.

Ana cikin haka surukina ya zo Landan ganin likita, ya sauka a Catford gidan babban ɗansa, yayan matata. Mutumin nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, a tsugunne nake gaishe shi. Sai ya ji labarin kulob zai yi ranar baƙi, ranar da ɗalibai ke zuwa da iyalinsu.

"Ai sai a je da ni," in ji shi. "Mu da muka yi farauta da harba-ka-ruga tun ba a haife ku ba."

To wa zai ce wa surukinsa a'a? Muka tafi, ni da shi da matata da tsohon cikinta.

Bature ya yi bayani, ni ina fassarawa, Baba, surukin nawa, yana ta "to, to" yana kaɗa hannu, alamar an cika shi da surutu. Aka ɗora masa abin toshe kunne a kan hularsa, aka ba shi bindiga. Matata na tsaye can bayanmu. Ya harba na farko, ya harba na biyu, yana murmushi. Daidai lokacin da malam ya waiwaya wajen wani baƙo, Baba ya ja na uku, sai ƙyas, shiru. Kawai sai ya juyo gaba ɗaya, yatsansa a kan kunamar, yana cewa, "Wannan abin naku ya lalace ne?" Bakin bindigar ya yi saitin cikin 'yarsa.

"Kai! Kai! Stop!"

Ban san sanda ta fito daga bakina ba. Na cafke wuyan hannunsa na ture shi gefe, sai daram! Harsashi ya shige bango, ƙurar siminti ta tashi. Hular Baba ta faɗi ta mirgina.

Kulob suka sallame ni, tunda baƙon nawa ne, maganar lasisi ta mutu nan take. Wallahi wannan ko a jikina. Abin da ya ƙona mini rai zaman da aka kira a Catford ne, yayan matata ya tara dattawan garinmu a falo, aka zaunar da ni a ƙasa kamar ɓarawon akuya.

"Ka ce masa kai, ko ba ka ce ba?" wani dattijo ya tambaye ni.

"Na ce, ranka ya daɗe, amma harsashin..."

"Ba maganar harsashi ta tara mu ba. Harsashin da bai sami kowa ba? Wannan ai Allah ne ya kiyaye."

Na ce kai ɗin firgita ne, irin wanda mutum ke yi in ya ga yaro zai taɓa wuta, ba kai ɗin raini ba. Yayan matata ya taɓe baki ya ce, "Kai dai kai ne. Ga tsawa da Turanci, ga kama hannu, ga tuɓe hula a gaban Turawa." Haba! Jama'a, hula! Manyan mutane da furfurarsu, har da likita a cikinsu, suka shafe yini suna shari'ar hula, babu wanda ya buɗe baki ya ce Alhaji, ka kusa kashe 'yarka. Shi kuwa Baba ya juya mini ƙeya, ya rantse in ban nemi gafara a gaban kowa ba, da 'yarsa zai hau jirgi, ba zai bar ta a hannun marar tarbiyya ba. Na san halinsa, zai aikata. Na dubi matata, kanta a sunkuye, ko tari ba ta yi ba.

Na durƙusa. Na ce, "Baba, na yi kuskure, a gafarce ni."

Baba ya ce, "Na yafe, albarkacin 'yata da abin da ke cikinta."

 A bas muna komawa gida na kawar da kai daga matata, don ita ma haushinta nake ji. Can sai ta riƙo hannun rigata.

"Na ga ramin bakin bindigar," ta ce a hankali. "Ni yake kallo. Tun ranar ban yi barci ba."

"To me ya hana ki faɗa a gabansu?"

"Ubana ne fa."

Ta fashe da kuka, Turawan bas suna kallonmu. Na rasa wanda zan zaga.

Baba ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma na ci gaba da tsugunna masa har ƙarshe. Amma na koyi abu guda, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana: kunya ado ce, girmama manya wajibi ne, sai dai ranar da rai ke gaban bakin bindiga, ku daka tsawar ko a kan wa za ta faɗa, ko ni ne. Durƙuson neman gafara ya fi durƙuson karɓar gaisuwar mutuwa sauƙi.