Baba Mai-Bawul da Akwatin da Ba Shi da Suna

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai-Bawul yake ɗaga ƙyauren shagonsa. Ya share teburi, ya jona ƙarfen narka dalma, sannan ya zauna yana jiran rediyoyin da kowa ya fid da rai da su. Sunan ya samo shi ne daga kwalaben gilashin nan masu ja kamar garwashi a cikin rediyon dā, waɗanda ake kira bawul. Shekara arba'in da uku ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai rufe, don ido ya fara gardama.

Maƙwabtansa sun ga abubuwa da yawa, amma tela na kusa da shi ya fi son ba da labarin wata malamar asibiti da ta zo da akwatin ƙarfe a bayan mota. Sai da mutum biyu suka kama aka shigo da shi. Babu suna a jiki, babu lamba, babu ko harafi ɗaya.

"Baba, na mahaifina ne," in ji ta. "Ina shekara huɗu ya rasu. A gida cewa ake ya ƙare rayuwarsa a tara tarkace. Yayana zai ba 'yan gwangwan ranar Asabar. Ni dai so nake in san mene ne kafin ya tafi."

Ta kai hannu za ta taɓa ciki, Baba ya daka mata tsawa. Ya sa hannunsa ɗaya a aljihu, ya ɗauki sukudireba da ɗayan ya haɗa wasu ƙarafa biyu tukuna, don irin waɗannan kaya sukan ɓoye wuta. Sannan ya sunkuya. Shi dai Baba idan ya ga abin da bai sani ba, ko abinci mantawa yake. Ya shinshina, ya goge ƙura, ya auna nauyin taransifoma da tafin hannu. Ya nemi wurin lasifika ya rasa, sai ramin makirfo ya gani, da wani ƙaton bawul mai hular ƙarfe.

"Wannan ba na sauraro ba ne, 'yata. Da shi ake aika magana."

Amma wane kamfani? Nan Baba ya cije. Kwana biyu yana fama da tsofaffin littattafansa, tela yana tsokanarsa wai yau an sami gwanin da ya fi shi. Rana ta uku ya kifar da akwatin, ya ga ramukan kusoshi ba su daidaita ba, wani ya fi wani faɗi. Ya bi naɗin wayar tagulla da farce, zagaye bayan zagaye. Ya sa aka kira malamar.

"Babanki bahago ne?"

Ta ce ba ta sani ba. Ta kira gwaggonta a waya, tsohuwar ta ce ƙwarai kuwa, har dukansa aka sha yi a kan haka.

"To, shi ya sa babu suna," in ji Baba. "Ba kamfani ba ne ya ƙera shi. Babanki ne, da hannunsa. Dubi naɗin nan, ta hagu ya faro. Ni da nake taƙama, ban taɓa haɗa irinsa ba."

Malamar ta zauna a kan benci ta yi kuka sosai. Da ta natsu ta ɗauki biro don rubuta abin da ya faɗa, tela ya lura da hannun hagu ta riƙe shi. Akwatin bai je wurin 'yan gwangwan ba, yana falon yayan nata yanzu.

Baba, kai ne ba ka taɓa cewa "jefar da shi" kafin ka duba ba. Kai ne ka mayar wa marainiya ubanta bayan shekara talatin ana yi masa dariya. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya bar maka sauran ganinka. Mu kuma da ke saurin kiran abu tarkace, mu koyi sunkuyawa mu duba tukuna, kamar yadda kake yi.