Askin da Kaka Ta Yi wa Ɗan Maƙwabta

Har yau in na ji ƙamshin sabulun salo a ruwan ɗumi, sai wata Juma'a ta damina ta faɗo mini a rai, da tarin gashi mai laushi a kan faifan Kaka.

Ina 'yar shekara tara lokacin, muna zaune a Wuse, Baba yana aiki a ma'aikatar tarayya, gari kuwa ko'ina ka duba gini ake yi. Maƙwabtanmu Yahudawa ne, mijin injiniyan hanya, da matarsa, da ɗansu ɗaya da bai cika uku ba. Yaron nan ya gano wata kafa a shingen da ya raba mu, kullum da hantsi sai ya ɓullo tsakar gidanmu da takalmi ƙafa ɗaya. Ya kifar da buta, ya tarwatsa kaji, ya haye bayan Kaka tana sallar walha. Hausarsa ta farko "ba ni" ce. Uwarsa abu ɗaya ta roƙa, kada a haɗa masa nama da nono, Kaka kuma ba ta taɓa saɓawa ba.

Abin da Kaka ta kasa haɗiyewa shi ne gashinsa. Ya sauko har kafaɗa, ana ɗaure shi da roba. Wata guda tana ɗaukarsa mace, sai ran da ya tsaya ya yi fitsari a gindin gwanda. Tun daga ranar take mita cewa an bar yaro da gashin ciki kamar ba shi da kowa a duniya.

Ashe a wurinsu ba a taɓa gashin ɗa namiji sai ya cika uku, kuma babban gida ne ke fara sa almakashi. Kakan yaron, tsoho mai ciwon zuciya da bai taɓa ganinsa ba, yana hanya daga ƙasarsu saboda wannan rana kaɗai, saura kwana goma. Mu ba mu sani ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Ranar Juma'ar uwar yaron ta tafi kasuwar Wuse, don daga faɗuwar rana ba sa saye ba sa girki sai Asabar ta wuce. Ta bar shi a hannun Kaka. Sai ga wanzaminmu daga Karshi ya zo yi wa ƙanena aski. Da ya gama, Kaka ta ɗaga gashin yaron ta nuna masa ƙurajen zufa a ƙeya, ta ce ya taimaki bawan Allah. Wanzami ya ce, "Hajiya, oga ya sani kuwa?" Ta ce alheri ba ya buƙatar izini. Ni na riƙe hannuwansa ina ba shi ƙuli-ƙuli, ina jin kaina wata babba. Kaka ta sa aka bar masa ɗan tukku a tsakar ka, irin na yaran zamaninsu.

Da uwar ta dawo, ta wuce shi a bakin ƙofa ba ta gane shi ba. Sai da ya kama zanenta ta duba ƙasa. Ledar hannunta ta faɗi, tumatir ya watse har gindin famfo. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta durƙusa tana shafa kansa, ta ce da 'yar Hausarta, "Mama, ina gashi?"

Ni na fassara sauran bayanin uwar, don turancin Kaka babu. Ina faɗar zuwan tsohon, ina kallon fuskar Kaka tana sauyawa. Matar da ko Baba bai isa ya musa mata ba, ranar na ga ta miƙe ba musu, abin ya ba ni tsoro. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gashin, ta riga ta ƙulle shi a tsumma za ta binne, ta miƙa wa uwar da hannu biyu. Kafin rana ta faɗi aka toshe kafar shingen da kwano. Kwana tara muna jin yaron yana bugawa yana kiran Kaka, ita kuma tuwo ma sai ta tsakura ta ture.

Ran na goma injiniyan ya yi sallama, ya ce mahaifinsa yana son ganin wadda ta yi askin. Kaka ta yafa mayafi, ta ce mu yafe mata in ba ta dawo da mutuncinta ba. Muka tarar da tsohon a kujera, numfashinsa sama-sama, jikan a cinyarsa. Ya kama tukkun da yatsa biyu, ya tambayi wa ya bar wannan. Na nuna Kaka. Ya yi addu'a da harshensu, ya datse rabi, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya juya almakashin ya miƙa mata. Kaka ta ɓoye hannuwanta a mayafi, ta dubi uwar yaron, ta ce, "'Yar nan, in yanka?" Sai da uwar ta gyaɗa kai ta karɓa.

Tsohon bai kai wata damina ba. Gidajen nan biyu an rushe su, shaguna ne yanzu a wurin. Inda nake zaune yau katangarmu ta fi mutum biyu tsawo, ba wanda zai yi wa ɗana aski ban sani ba. Ba kuma wanda ya san yana da ƙuraje a ƙeya.