Mai Ƙwanƙwasa Roba

A shagon fallayen roba, na tarar da wani dattijo mai tabon ƙuna a yatsu yana ƙwanƙwasa kowane falle kusa da kunnensa.

"Baba, kankana kake zaɓa?" in ji mai shago.

"Akwatin lasifika zan haɗa, ɗana. Wanda ba ya amsa kuwwa nake nema."

Da alama ba mai hana shi a gida.

Haka 'yata take yi, Allah ya jiƙanta. Na ce warin roba ya ishe ni, ta bari sai ta gama karatu. Ta bari. Akwatin lasifikar da ta fara haɗawa na kan kabad har yau, bai taɓa yin sauti ba.

Na so in roƙe shi ya ƙarasa mata. Sai kawai na matsa ya wuce.