Buzun Kakana a Ramin Injiniya

Warin laka ne ya fara yi mana maraba tun kafin mu hango gidan. Mai karatu, in ba ka taɓa shaƙar ɗakin da ruwa ya kwana uku a ciki ba, ka daina cewa ka san wari. Ni hancina ya san shi tun ina yawo da bante.

Mu uku ne a motar: ni, da 'yata, da mijinta injiniya. Mun taso daga Alexandria, birnin ƙasar waje inda suka ajiye ni a saman bene kamar tantabara, za mu duba gidan hutun da ya saya a bakin tafki. An yi kwanaki ana sheƙa ruwa da iska, itatuwa duk sun kwanta a gefen titi. Shi yana ta jimamin kujerunsa da injin nan da ake gudu a kai ba a zuwa ko'ina. Ni kuwa abu ɗaya ne a raina: buzun kakana, fatar ragon da ya yi salla a kanta har ya bar duniya. Sun ce yana wari a gida, aka kai shi can.

Garinmu a bakin fadama yake. Da rani koginmu yashi ne zalla, mu tona da hannu mu sha. Amma in marka ta kankama sai ya cika ya batse, ya taho ja wur yana jan karan dawa da mushen awaki. A bakin gari akwai wata tsohuwar kanya, jikinta duk sara. Duk shekara in ruwa ya janye, kakana zai saɓa gizago ya je ya sare ta daidai inda ruwan ya tsaya. Bai san biro ba. Ni ma da nake cika baki aji uku na yi na gudu. Amma kanyar nan littafi ce, kuma kowa a garin ya iya karanta ta: ba a kafa ɗaki a ƙasa da saran da ya fi kowanne tsawo.

"Ruwa ba ya manta inda ya taɓa kwana," in ji shi. Iyakar karatun ke nan.

Kakata mace kuma gwanar ragaya ce. Ɗakinta in ka shiga sai ka sunkuya, don komai a rataye yake: ƙwaryar nono, daddawa, zannuwan fita, har buzun tsohon in damina ta yi nisa. Takan ce ƙasa ta ruwa ce da gara, mai hankali sama yake ajiya. Har yau ina jin ƙamshin hayaƙi da man shanu da ke jikin igiyoyin nan.

Sai ga ƙanen mahaifina ya dawo daga birni da agogo da dogon wando. Ya ce zai yi ɗakin kwano a gangare, wai can ne iska. Kakana ya ja shi har gindin kanya ya nuna masa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan zamanin da ne. Yanzu akwai siminti." A damina ta biyu muka tsaya a kan tudu muna kallon katifarsa da rediyonsa suna tafiya gabas ba sallama, shi kuma yana kan kwano yana kiran sunan Allah da na kakana a haɗe. Da ruwa ya janye tsohon bai zage shi ba. Gizagon ya danƙa masa a gaban jama'a, ya ce saran bana nasa ne. Ya sara yana hawaye, kuma bai sake musu da itace ba.

To ranar farko da aka kai ni gidan tafkin nan, ban kalli falo ba, itatuwa na kalla. Ga busasshiyar ciyawa maƙale a rassa daidai ƙirjina, ga baƙin layi a jikin kowace bishiya. Na ce wa injiniya ruwa ya taɓa kwana a nan.

"Baba, an yi bincike. Akwai taswira."

Na ce, "Ita taswirar ta taɓa jiƙewa?"

Ya yi irin murmushin da ake yi wa tsoho da mahaukaci. Gidan ma har da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, rami sosai, wai nan ne ma'ajiya. Mutum ya yi karatu har ya ƙoshi, sannan ya haƙa rijiya a bakin tafki ya zuba kayansa! Na kwance igiyar shanya, na tufka ragaya irin ta kakata, na rataye buzun a jikin ƙarfen rufin ramin.

Shi ya sa ran nan da muka je duba ɓarnar ruwa na sauka matakala da ƙarfin gwiwa. Ruwa ya kai kafaɗa ya janye, ya bar layinsa a bango. Na ɗaga kai. Ƙarfen na nan, ragaya babu.

"Ina buzuna?"

'Yata ta kalli mijinta, shi ya kalli takalminsa.

"Baba, abokan aikina ne suka zo hutu. Na ga abin yana reto a ka, sai na sa shi a kwali don kada ya yi ƙura."

A kwali. A ƙasa. Na tono shi daga cikin laka, gashin yana biyo hannuna kamar na kazar da aka zuba wa ruwan zafi. Wurin da goshin tsohon ya cinye, da gurbin gwiwoyinsa biyu, duk sun narke sun zama ɗaya.

"Yi haƙuri, Baba," in ji 'yata. "Za mu sayo maka wani."

Na ce, "A wane kanti ake sayar da goshin kakana? Faɗa mini in je da kaina."

Ban gama ba na ji injiniya a waya da mai fenti, ashe gidan zai sayar. Wai a busar, a shafe layin nan tas, kafin masu saye su zo gani. Na fita rumfar itacen wuta na ɗauko gatari na miƙa masa, na ce saran bana nasa ne. Ya ja da baya yana cewa, "Haba Baba, ai sai darajar gidan ta faɗi." Ƙanen mahaifina wawa ne, amma ya karɓi gizago.

Ni na sara. Bishiyar da ke daidai ƙofar shiga na zaɓa, na yi mata sara uku masu zurfi, bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sannan muka shiga mota muka dawo Alexandria.

Yanzu a kan darduma mai laushi nake salla, wadda ba ta san goshin kowa ba. A garinmu wanda ruwa ya ci shi ne yake barin alama don na baya. A nan wanda ruwa ya ci fenti yake nema. An shafe bangon, na ji labari, ya yi fari tas. Amma ba a yi wa bishiya fenti. Duk wanda ya zo saye, in Allah ya sa yana da kaka, zai tsaya a ƙofa ya karanta.