Tayar Motar Surukin Mati

"To ka gaya masa da bakinka mana, ga shi can tsaye," in ji Dauda mai shayi.

"Da wane bakin?" Mati ya amsa, bai ɗago ba. "Kai za ka gaya masa. Ka ce wannan da ya kawo ba taya ba ce, ɗaurin zani ne."

Dauda ya yi dariya, ya goge hannu a gaban riga, ya nufi gindin dogon yaro inda Ismaël ya rakuɓe tun da ya gama gaisuwa. Mati ya ci gaba da kallon motar. Corolla ce fara, an ɗora ta a kan duwatsu, ga sababbin jantuna huɗu a jingine da bango. Janti shi ne ƙarfen da taya ke hawa a kansa, waɗannan kuwa sun fi na ainihin motar faɗi da girma. Kusa da su ga tayoyin da Ismaël ya ɗauko a wajen wani abokinsa don a gwada, sirara, naman gefensu bai wuce yatsa uku ba.

Ismaël surukinsa ne, mijin Rahmatu, 'yarsa ta fari. Mati bai taɓa kiran sunanta ba tun da aka haife ta, "yarinyar nan" yake cewa, mijinta kuma "yaron nan". Tun ɗaurin aure magana tsakaninsu ba ta wuce ina kwana da ina gajiya ba, shi ma Ismaël a durƙushe yake yinta, ido a ƙasa. Yanzu ga Rahmatu watan haihuwarta ya kama, ga damina ta zauna, kuma wannan motar ce za ta ɗauke ta daga unguwar Habbena zuwa asibiti duk ranar da abin ya zo.

Mati mutumin Tasawa ne. Yana saurayi ya shigo N'Djamena a bayan wata babbar mota mai ɗauke da albasa. Motar ta mutu a unguwar Farcha, mai ita ya tafi neman kayan gyara, ya ce Mati ya yi gadi kwana biyu. Kwana biyu suka zama wata da watanni. Yunwa ce ta tura shi wajen wani dattijo mai faci, ya riƙa taya shi buga iska ana ba shi abinci. Da mai motar ya dawo, Mati ya riga ya iya raba taya da ƙarfe, ya kuma ga Hadjara mai sayar da fura. Motar ta tafi, shi ya tsaya. Tun daga nan rumfarsa ke bakin hanyar mahauta, yana fama da tayoyin manyan motocin da ke jigilar shanu. Ya iya Larabcin gari har ya yi faɗa da shi. Karatu dai bai yi ba, amma lambobin jikin taya yana gane su kamar fuskokin maƙwabta.

Akwai abin da ba ya son tunawa. Haihuwar matarsa Hadjara ta biyu, cikin Agusta, motar da suka samu ta kafe a laka nesa da kwalta. Nan aka haihu a bayan mota, ruwa na zuba, yaron bai kwana ba. Mati bai taɓa ba kowa wannan labari ba, amma duk damina sai ka ga ya rage cin tuwo.

Dauda ya dawo. "Ya ce a yi masa haƙuri. Ya ce duk wadda ka zaɓa ita ce."

"Ina tsofaffin jantunan? A maida su kowa ya huta."

"Musaya ya yi da su, sun tsallaka Kusiri ta Kamaru tun shekaranjiya. Safaya kaɗai ta rage a but."

Mati ya matsa gefen ɗaya daga cikin siraran tayoyin da yatsa. Ya san tayar babbar mota ciki da waje, amma irin waɗannan ƙananan masu faɗin ƙafa sai jefi-jefi suke zuwa hannunsa. Abin da ya sani shi ne rami ba ya jin tausayin siririyar taya. Ta faɗa sau ɗaya, gefenta ya tsage, jantin ya lanƙwashe, kuma motar za ta ƙara yin ƙasa, cikinta na gogar tudun laka. Ya haye babur ɗin haya ya tafi wajen masu tayoyin kwance, ya dawo da guda huɗu masu kauri, masu lamba 225/55. Ya buga su da tafin hannu, ya ji sautinsu, ransa ya ɗan kwanta.

Aka ɗaura. Motar ta miƙe tsaye kamar an ƙara mata wuya. Ismaël ya zagaya da ita har bakin mahauta ya dawo, babu ƙara ko ɗaya. Dauda ya ce, "Kalas, an gama, sai a sha shayi."

Mati bai motsa ba. Yana kallon ratar da ke tsakanin saman taya da bakin bodi, yatsa biyu da ƙyar. Motar shanu ba a gwada ta wayam, wannan ya sani tun yana yaron mota.

"Dauda, ranar nan wa da wa za su shiga?"

"Wace rana?"

"Ranar nan dai."

Dauda ya gane. Ya fara lissafi da baki: ita kanta, uwar mijinta, Hadjara, wataƙila da maƙwabciya, ga tabarma, ga bokiti, ga kwanukan abinci.

"Uwar mijin nan kuwa Allah Ya yi mata jiki," Dauda ya ƙara a hankali.

"Ban tambaye ka ba. Kira mini Yunusu da abokansa."

Yunusu mahauci ne, ƙato, ya fito da mutum biyu irinsa suna tsane hannu. Mati ya ɗauki alli ya zane kafaɗun tayoyin duka fari fat. Ya sa aka ɗora buhun gishirin shanu a but, mahautan uku suka cika kujerar baya.

"Ni ce uwar miji," in ji Yunusu, ya gyara zama yana ƙanƙance murya. "Direba, a hankali, ƙugu na ciwo."

"Kai ko a mafarki ba ka kai ta ba," Dauda ya ce, ya shige gaba.

Kowa ya yi dariya ban da Mati da Ismaël. Motar ta sauka daga kwalta ta bi layin da ruwa ya cinye. Mati na biye da ita a ƙasa, kunnensa a miƙe. Ramin farko, shiru. A na biyu ya ji ƙarar, kamar ana yage buhu. Da Ismaël ya murɗa sitiyari zai juyo, ƙafar gaba ma ta yi kuka.

Suka tsaya. Mati ya durƙusa. Allin ya goge a tayoyin baya biyu, a ta hagu har ƙarfen bodi ya shata layi cikin roba. Ya sa farce a layin. Tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba ke nan. Ya hango hanyar Habbena cikin ruwa, mota cike, ƙarfe na yanka roba kaɗan kaɗan.  Zaɓinsa ne, shi da kansa, da ya bar su sun tafi, da shi ne ya kai su ga abin da yake gudu.

"A sauke," ya ce.

Siririya ba ta yi ba, mai kauri ba ta yi ba. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ismaël ne ya buɗe but ya sauke buhun gishirin, ya ciro safayar domin ya kaɗe ta, ya jingine ta kusa da waɗanda aka cire. Mati ya ga yadda sababbin suka ɗara ta tsawo. Ya tashi ya ɗauko wani katako ya gicciya a kansu, katakon ya karkace. Wannan tsohuwar ƙafa ita aka yi wa ramin bodin tun farko. Duk tayar da za ta hau faffaɗan janti, tsayinta gaba ɗaya sai ya zo daidai da nata.

Ya koma wajen masu taya, wannan karon da safayar da janti ɗaya ɗaure a bayan babur. Ya sa aka yi ta ɗaurawa ana bugawa ana cirewa, har mai shagon ya fara ƙunƙuni da Larabci. A kan 225/45 katakon ya kwanta sambal.

La'asar ta gota kafin a sake gwaji. Yunusu ya ce wannan karon sai an biya shi kuɗin naƙuda. Suka bi ramukan ɗazu, Ismaël ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Mati ya duba ƙafa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya sake dubawa. Alli na nan yadda ya zana shi.

Duk da haka gefen tayar bai kai kaurin da ransa ke so ba, kuma babu yadda zai yi da wannan. Akwai maganar da sai an faɗa. Ya waiga, Dauda ya koma kan teburinsa, mutane sun yi masa layi. Mahauta sun tafi. Daga shi sai Ismaël.

Mati ya durƙusa gaban tayar baya, ya yi kamar yana duba bakin iska, ya yi magana yana kallon roba.

"Wannan ba ta son rami da gudu. A duba iskarta duk safiya. In lokacin ya yi, a bi kwalta ko da zagaye ne, kada a yanke ta bayan kasuwa."

Ismaël ya durƙusa a ɗaya gefen, shi ma yana kallon ƙasa. "To, Baba." Ya shafa gefen tayar. "Cewa aka yi mini mai faɗi ba ta kafewa a laka. Shi ya sa na yi musayar. Mai ɗakina ce ta ba ni labarin abin da ya faru da Inna."

Mati bai san Hadjara ta gaya wa yarinyar ba. Ya ci gaba da murza murfin bakin iskar da ya riga ya ɗauru.

"Laka ba ta san faɗi ba," ya ce. "A bi kwalta."

"In sha Allahu, Baba."

"A kira Dauda in an tashi. Wayarsa ba ta mutuwa."

Ismaël ya maida safaya but, ya tayar da mota, ya hau hanya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Gabas ta fara haɗa hadari, ta wajen Habbena. Mati ya bi motar da ido har ta sha kwana, yana sauraron ko zai ji wata ƙara. Wani direban shanu da ke jira tun azahar ya danna ham. Mati ya jefa guntun allin a aljihu, ya ɗauki ƙarfen cire taya ya nufi babbar motar.